Kare da Amalanke: Tarihin Wata Sana'a ta Talakawan Turai

Allah Maɗaukakin Sarki, da Ya hore wa ɗan Adam dabbobi domin su ɗauke masa abin da ƙarfinsa ya kasa, bai daidaita al'ummomi a kan dabba guda ba, sai Ya bar kowace jama'a da abin da ƙasarta da arzikinta suka iya riƙewa. Mutanen sahara suka dogara da raƙumi, fatakenmu na hanyar Gwanja suka dogara da jaki da takarkari, sarakuna da attajirai kuwa a ko'ina doki suka riƙa. Amma a wasu ƙasashen Turai, musamman Beljiyam da Holan da Siwizalan da sassan Jamus da Ingila, talakan da hannunsa bai kai ga doki ba, ba shi kuma da filin da zai yi kiwo, ya duba cikin gidansa bai ga wata dabba mai ƙarfi ba sai kare, saboda haka ya sa baduku ya ɗinka masa ɗamara ta fata, masassaƙi ya haɗa masa 'yar amalanke daidai tsayinsa, shi kuma ya zauna ya koya masa ja. Wannan al'ada ta yi ƙarfi ƙwarai a ƙarni na 19, ta ciyar da gidaje masu yawa, ta kuma jawo muhawarar da ta kai har majalisun dokoki. Wanda ya bi tarihinta a tsanake zai ga cewa adalcin da aka yi wa wannan dabba, da zaluncin da aka yi mata, duka biyun a jikin kayan aikin suke rubuce, wato a faɗin madauri, da tsawon sanda, da wurin da aka aza nauyi.

Sa kare aiki tsohon abu ne a wurin Turawa. Wani likita Baturen Ingila mai suna John Caius ya rubuta littafi a kan karnukan ƙasarsu a shekarar 1570, ya ambaci waɗanda ke juya na'urar ɗebo ruwa daga rijiya, da waɗanda ke juya ƙarfen gasa nama a madafa, da waɗanda ke ɗaukar wa masu gyaran tukwanen ƙarfe jakunkunan kayan aikinsu daga gari zuwa gari. Can a nahiyar Amurka ma, kafin Turawa su kai doki, mutanen asali na filayen ƙasar kare suke ɗaura wa sanduna biyu, a haɗa kawunansu bisa kafaɗarsa, gindinsu yana jan ƙasa, a ɗora kayan bukka a tsakani idan za a yi ƙaura. Sai dai amalanke mai ƙafafu tana bukatar hanya mai kyau da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kuma a yankin Filandas na Beljiyam da ƙasar Holan ne waɗannan sharuɗɗa suka cika, domin ƙasa ce wadda babu tudu babu gangare, ƙauyukanta suna kusa da birane, biranen kuma suna da lunguna matsattsu waɗanda keken doki ke shan wahalar juyawa a cikinsu.

Lissafin talaka a nan a fili yake. Doki yana da tsada wajen saye, yana son barga da ciyawa da hatsi da takalmin ƙarfe, alhali kare yana cin ragowar abincin gida da abin da mahauta suka zubar, yana kwana a bakin ƙofa, da rana ya yi dako, da dare ya yi gadi, in kuma mai shi ya shiga wani gida kai kaya, shi ne mai tsaron abin da ya rage a kan amalanken. Da babu gara ba daɗi. Shi ya sa kowace asuba hanyoyin shiga Antwap da Burusel da Gent suke cika da mata masu tallan madara, kowacce tana tafe a gefen 'yar amalankenta, an jera tulunan tagulla waɗanda aka goge har suna ɗaukar ido, an cusa bambaro a tsakaninsu don kada su gwaru, kare ɗaya ko biyu suna ja. Bayansu akwai masu burodi, da masu kayan lambu, da masu kifi, da masu wasa wuƙa, da 'yan koli. Beljiyam har wani jinsin kare ta raya musamman domin wannan aiki, ƙato mai gajeren gashi da faɗin ƙirji da kaurin ƙafafu.

Ya kamata a tsaya a dubi kayan aikin nan da kyau, domin a nan ne hikimar sana'ar take. Amalanken kala biyu ce. Akwai mai ƙafa biyu, wadda take da sauƙin juyawa a lungu, akwai kuma mai ƙafa huɗu, wadda take ɗaukar nauyinta da kanta, ba abin da ya rage wa kare sai ja. Daga gaban kowacce sanduna biyu ne suka miƙo, kare ya shiga tsakaninsu, bakinsu ya tsaya daidai kafaɗarsa. In suka wuce nan sai su riƙa sukar wuyansa duk lokacin da ya karkata, in kuma suka gaza sai su shige bayan kafaɗa su tokare haƙarƙari. Da waɗannan sanduna ake sarrafa amalanke hagu da dama, amma ja kam ba da su ake yi ba. Ja aikin igiyoyi biyu ne na fata, masu tasowa daga ɗamarar kare su tafi baya su kama wani ɗan itace da aka rataye a gaban amalanke, wanda yake lilo a tsakiyarsa, ta yadda in kafaɗar dama ta yi gaba ya bi ta, in ta hagu ta yi gaba ya bi ta, fata ba ta gurzar jikin dabba. A Holan da Beljiyam akwai kuma wani tsari na daban, inda ake ɗaure karen a ƙarƙashin amalanken turawa, tsakanin ƙafafunta, mutum yana riƙe da hannuwanta daga baya yana turawa yana daidaita nauyi, kare yana ja daga ƙasa, su raba wahalar tsakaninsu.

Ita kuwa ɗamara, asalinta madauri ne mai faɗi wanda yake ratsa ƙirji, an yi masa shafi da tsumma ko fata mai laushi, sai wani ya haye bayan kafaɗa ya riƙe shi, sai majayi ya zagaye ciki, a gefensa akwai zobba biyu inda sandunan ke shiga. Wurin zaman madaurin ƙirjin nan ƙanƙane ne ƙwarai: in ya hau sama da yatsa biyu ya shaƙe maƙogwaro, in ya sauka ƙasa da yatsa biyu ya ɗaure gaɓar kafaɗa ya hana ƙafa miƙewa. Sa'an nan dole a sami abin da zai tsai da amalanke idan an zo gangare, ko dai wata ƙusa a jikin sanda wadda zoben zai tokara, ko madauri mai zagaye cinyoyi ta baya, in ba haka ba kaya su taho su buge dabba a ƙafafu. Babbar mas'ala a amalanke mai ƙafa biyu ita ce daidaita kaya, domin ƙashin bayan kare ba a halicce shi don ɗaukar nauyi ba. In aka tura kaya gaba, sandunan su danne shi har bayansa ya lanƙwashe, in aka tura su baya, majayi ya ɗaga shi sama har ƙafafunsa su kasa kama ƙasa. Gwanin sana'a yakan jera kayansa bisa ƙarfen da ƙafafun ke juyawa a kai, sa'an nan ya sa yatsa ɗaya ƙarƙashin bakin sanda ya ɗaga, in ta tashi ba da wahala ba to kaya sun zauna, kamar yadda mai jaki ba ya kama hanya sai ya ga bakin mangala biyu sun yi daidai.

Horon ma yana da nasa tartibi, wanda masu hankali a cikinsu ba sa tsallakewa. Da fari a sa wa ɗan kare ɗamara kawai, ya yi yawo da ita, ya ci abinci da ita, har ya manta tana jikinsa. Daga nan a ɗaura masa igiyoyi yana jan su a ƙasa, sa'an nan a rataya ɗan guntun itace mara nauyi, domin ya saba da ƙarar abin da ke bin sa a baya, wadda ita ce ta fi firgita kare a farkon lamari. Bayan haka a riƙa tafiya da shi a gefen amalanke wani yana ja, ya ji kukan ƙafafunta, sai ranar da hankalinsa ya kwanta a shigar da shi tsakanin sanduna babu kaya. A nan yake koyon abu biyu masu wuya, wato juyawa ta hanyar ture sanda da kafaɗa yana harɗe ƙafafu, da kuma ja da baya, wanda ba ɗabi'arsa ba ce. Yawanci tsohon kare ne malamin yaro, a haɗa su tare har ƙaramin ya ɗauki karatu. Tun da kare ba a sa masa linzami a baki, dukan umarni da murya ake ba shi, a ce tafi, a ce tsaya, a ce koma. Masana lafiyar dabbobi sun tabbatar da cewa manyan karnuka ƙasusuwansu ba sa gama ƙwari sai sun kai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wanda kuwa ya ɗora wa ɗan kare nauyi kafin wannan lokaci ya nakasa shi tun bai fara cin amfaninsa ba. Sannu ba ta hana zuwa.

A Siwizalan, ƙasar duwatsu da shanu, manoman yankin Ban suna da karnuka masu launi uku, baƙi da fari da ja, waɗanda ke kai madara safe da yamma daga gona zuwa gidan da ake yin cuku, har ake yi wa babban cikinsu laƙabi da dokin talaka. Wannan babban jinsi ya kusa ɓacewa, sai a shekarar 1908, a wani bajekolin karnuka a garin Langenthal, wani shaihin malamin ilimin duwatsu daga Zurik mai suna Albert Heim ya ga irinsa ya gane shi, ya yi kira da a nemo ragowarsu a raya. A kudancin Jamus kuma akwai garin Rottweil, tsohuwar kasuwar shanu, wanda karnukan mahautansa ke kora garke zuwa kasuwa su kuma jawo amalanken nama, kuma sunan garin ne jinsin yake ɗauke da shi har yau.

Sai dai fa abin da muka bayyana na kyakkyawan kaya da kyakkyawan horo, ba kowa ne ya tsare shi ba. Talauci yakan ƙuntata zuciya, kwaɗayi kuma ya fi shi. Da yawa igiya kawai suke zarga wa kare a wuya, su loda kayan da suka fi ƙarfinsa, sa'an nan su hau su zauna a sama da bulala. Hanyoyin birane da duwatsu aka shimfiɗe su, suna tsattsage tafin ƙafar dabbar da ba ta da kofato. Kare kuma da haki yake sanyaya jikinsa, ba da gumi ba, saboda haka wanda ya matse masa baki da takunkumi a ranar zafi ya toshe masa hanyar shan iska. A Ingila an kai ƙara. An kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan a shekarar 1824, mutane kuma suna kukan cewa amalanken karnuka suna firgita dawaki a kan hanya, likitocin zamanin suna zaton gajiya da ƙishirwa suna haifar da ciwon haukan kare, zaton da ilimi ya rushe daga baya da aka gane ƙwayar cuta ce ke kawo shi ta hanyar cizo. A shekarar 1839 dokar 'yan sandan Landan ta haramta sa kare jan kaya a cikin mil 15 daga Charing Cross da ke tsakiyar birnin, a 1854 kuma majalisa ta faɗaɗa haramcin ya game ƙasa.

Niyyar masu dokar kyakkyawa ce, amma ba su tanadar wa talaka madadi ba, ba su kuma tanadar wa karen makoma ba. An ruwaito cewa karnuka masu ɗimbin yawa aka kashe ko aka kora titi, domin wanda da kyar yake ciyar da 'ya'yansa ba zai iya ciyar da ƙaton karen da aka hana shi aiki ba. Kayan da kare ke ja a da suka koma wuyan mata da yara. Dawakin masu hali kuwa, waɗanda su ma suna shan bulala a kan waɗannan hanyoyi, babu wanda ya ce a kwance su. Malaman usulu sun yi gargaɗi tun da daɗewa cewa ba a gusar da cuta da wata cuta irinta, kuma duk mai son kawar da mafsada wajibi ne ya fara auna abin da zai biyo bayan kawarwar.

Holan ta bi wata hanya. A shekarar 1910 ta kafa doka ta musamman a kan karnukan ja, wadda ta wajabta wa mai amalanke neman izini, aka kuma gindaya sharuɗɗa a kan girman karen da ya halatta a ɗaura, da irin ɗamarar da za a sa masa, da tanadin kwanon shan ruwa. Wato hukuma ta shiga cikin kayan aikin kansu ta gyara, ta bar wa talaka abincinsa. Waɗanda ba su gamsu ba suka kafa ƙungiyar yaƙi da al'adar a 1912, suka yi shekara hamsin suna wa'azi da rubuce-rubuce da sayen tsofaffin karnuka suna hutar da su, har aka haramta abin baki ɗaya a 1962. A lokacin kuwa keken dako mai ƙafa uku da ƙananan motoci sun riga sun karɓe aikin, saura 'yan kaɗan ne masu amalanken kare, haramcin bai jefa jama'a cikin yunwa ba.

A Beljiyam al'adar ta kai har fagen fama. Lokacin da Jamus ta afka wa ƙasar a watan Agusta na 1914, rundunar Beljiyam karnuka bibbiyu take ɗaura wa 'yan kekuna masu ɗauke da bindiga mai ruwa ƙirar Maxim, irin wadda Turawan Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Hujjar hafsoshinsu ita ce kare ya fi doki araha, ya fi shi sauƙin ɓuya saboda gajartarsa, yana kuma bin wuraren da doki ba ya iya bi. Hotunan wannan shekara suna nuna masu gudun hijira ma a kan hanyoyi, an ɗora katifa da tukwane da tsohuwa a kan amalanken madara, kare yana ja. Yaƙe-yaƙen duniya biyu da shigowar mota suka taru suka kusa shafe wannan jinsin kare na Beljiyam daga doron ƙasa. Abin da ya fi raya ambaton karnukan ja na Beljiyam shi ne wani ɗan littafin hikaya da marubuciyar Ingila mai laƙabin Ouida ta wallafa a 1872, a kan wani yaro maraya mai tallan madara a Antwap da karensa, littafin da mutanen Japan suka ƙaunata har suke takowa ziyarar birnin saboda shi.

A zamaninmu al'adar ta dawo da wata fuska. A Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai, masu riƙon manyan karnuka irin na Ban da na Niyufanlan, su na Niyufanlan ɗin kakanninsu ne suka ja kifi da itace a tsibirinsu, sun lura cewa dabbar da aka raya domin aiki takan lalace in ta zauna ba aiki, sai suka kafa ƙungiyoyi suna horarwa suna jarrabawa. A jarrabawar ƙungiyar masu karnukan Ban ta Amurka, kare yakan bi ta matsattsun wurare, ya ja da baya, ya tsaya cik a loda masa kaya, sa'an nan ya ja su tafiyar rabin mil, mai farawa da nauyin laba 20, gwani da kwatankwacin nauyin jikinsa. Alƙalai sukan fara da duba ɗamara da zaman kaya tun kafin kare ya ɗaga ƙafa, wanda kayansa ba su daidaita ba ya faɗi. Kayan ma sun sauya. Sanduna sun koma na ƙarfe mara nauyi, ƙafafu sun koma na keke masu iska, an kuma aro wata ɗamara da ake kira siwash daga masu jan kaya a kan ƙanƙara, wadda take saukowa ta gefen wuya biyu ta haɗu a kan ƙashin ƙirji, ta bar kafaɗa a sake da maƙogwaro a buɗe. Masu koyo sukan fara da sandunan roba marasa nauyi waɗanda ba a haɗa da komai ba, domin kare ya saba da taɓawarsu a gefensa kafin ya ga amalanke. Duk abin da gwanayen dā suka sani da hannu da ido, yanzu an rubuta shi ya zama sharaɗi.

Mu a nan ba mu taɓa sa kare jan kaya ba, babu kuma mai kiran a fara. Shari'a ta yi izinin riƙonsa domin farauta da tsaron dabbobi da gona, mazhabar Imamu Malik tana ganin tsarkin jikinsa muddin yana raye, hadisi ingantacce kuma ya ba da labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amma darasin wannan tarihi ya wuce kare. Littattafan hisba na malaman Musulunci sun ɗora wa muhtasibi ya hana a ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta, ya kuma hana a bar ta tsaye da kaya a baya alhali mai ita yana zaune yana ciniki, wannan kuwa ƙarnuka ne kafin majalisar Ingila ta yi zancen. Duk wanda ya ga jakin da akumari ya ci wa baya har ƙuda na bin miki, ko bijimin da karkiya mara sassaƙa ta kumbura wa wuya, ya san hukuncin yana nan a littafi, aikin ne ya yi ƙaranci. Gyaran kuwa ba ya bukatar a raba talaka da dabbarsa, domin mun ga abin da hakan ya haifar a Landan. Yana bukatar baduku ya faɗaɗa madauri ya yi masa shafi, masassaƙi ya goge karkiya ya auna ta da wuyan da za ta hau, mai kaya ya rage lodi ya yi sawu biyu, sarkin kasuwa da hukuma kuma su sa ido a kan waɗannan abubuwa kamar yadda suke sa ido a kan mudu da sikeli. Dabba ba ta da bakin kai ƙara a duniya, amma malamai sun haɗu a kan cewa mai ita abin tambaya ne game da ita ranar hisabi, kuma farkon abin da zai iya gyarawa tun yau shi ne kayan da ya ɗaura mata da hannunsa.